Ƙwarya Ta Bi Akushi: Labarin Mutum Uku a Hanyar Gudduwa

 Ga abin da muka tattauna a filinmu na tarihi, mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna daji da dabbobi ko suna bisa mota.

In ka taɓa tashi daga Agadas ka bi ta Dirku da Madama da Tummo har ka faɗa Gatrun, to ka san ƙasar da za mu yi magana a kanta. Gudduwa ƙaramin gari ne mai dabino a yankin Fezzan, a kan hanyar da ta haɗa Murzuk da Sabha. Yau direba yakan tsaya a can ya sha shayi, ya duba taya, ya wuce. A da kuwa zango ne na ayari, inda raƙumi ke shan ruwa kafin a kama doguwar tafiya zuwa Sabha.

A watan Yuli na shekarar 1855 wani ɗan ƙaramin ayari ya sauka a Gudduwa, ya fito daga Murzuk ya nufi Tarabulus. Maigidan ayarin Bature ne, mutumin Jamus, sunansa Heinrich Barth, amma daga Borno har Tumbutu ba a san shi da wani suna ba sai Abdulkarim. Tare da shi akwai samari biyu waɗanda a da bayi ne: Dorugu, Bahaushe, da Abbega, Bamargi. Akwai kuma mutum guda da ayarin ya rasa 'yan kwanaki kafin nan, wato Muhammadu Algatruni, wanda aka sallama a Murzuk ya koma wajen iyalinsa.

Hausawa na cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi ta fashe. To ga ɗan attajiri mai digirin dakta, ga ɗan talakan Fezzan mai jan raƙumi, ga yaron da aka saya a kasuwa, sun ci tuwo ɗaya, sun sha salka ɗaya shekara da shekaru. Tambayar da muke so ka riƙe ita ce: abin da ke tsakaninsu abota ce, ko kuwa barantaka ce kawai da aka yi wa ado?

Ɗan attajiri da ya zo ya ci bashi

An haifi Barth a birnin Hambug a 1821. Ubansa ɗan kasuwa ne da ya tashi ba shi da komai, ya tara dukiya da guminsa, ya zuba ta a karatun ɗansa har jami'ar Balin. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, ƙarƙashin James Richardson, tare da wani Bajamushe, Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus a watan Maris 1850, suka iso Murzuk a watan Mayu, suka bi ta Gat zuwa Abzin. A kan hanyar Abzin aka tare su, aka karɓe musu kaya masu yawa kafin a bar su da ransu.

Saboda haka lokacin da Abdulkarim ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851, ba a matsayin mai kuɗi ya shiga ba. Ya shiga da bashi a wuyansa, ga zazzaɓi, ga masu bin bashi suna sallama a ƙofar masaukinsa, ga 'yar hajar da ya aiko gaba ba ta yi kasuwa ba. Wata guda bayan haka Richardson ya rasu a Ngurutuwa, kan hanyar Kukawa. Kai da ka san fatauci, ka san yadda baƙo yake idan jarinsa ya karye a garin da ba shi da kowa. A wannan hali, mutumin da bai gudu ya bar shi ba shi ne Algatruni.

Mai jan raƙumi daga Gatrun

Muhammadu Algatruni ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Abin da ya mallaka shi ne sanin raƙumi, sanin hanya, sanin Tubawa da halinsu, da riƙon amana. Tun daga Fezzan ya bi Barth. Da suka isa Kukawa, Barth ya tura shi arewa da wasiƙu da kayan marigayi Richardson, bisa sharaɗin ya ga matarsa da 'ya'yansa sannan ya dawo. Ka yi tunani: mutum ya tsallake Sahara ya isa gida lafiya, ga iyali, ga inuwar dabino, wa zai tilasta masa ya sake tsallakowa? Babu ɗan sanda, babu waya. Alkawari ne kawai. Ya kuwa dawo.

Ga lissafin da fatake za su so ji. Da za a tashi tafiyar Tumbutu a watan Nuwamba 1852, an yanka masa ladan riyal huɗu na azurfa kowane wata, da alkawarin ƙarin riyal hamsin in aka dawo lafiya. A Kano ta wancan zamani riyal ɗaya wuri 2,500 ne. Ke nan wata ɗaya wuri 10,000, shekara 120,000. Barth da kansa ya ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi gida guda a Kano ci da sutura na shekara. To ka ga ladan ba na wulaƙanci ba ne, ya ninka abin da gida ke bukata. Amma ka auna shi da abin da aka sa a sikeli, wato ran mutum, sai ka ga azurfar ta yi sauƙi.

Yaron Damagaram

Shi kuwa Dorugu an haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Ubansa manomi ne kuma makaɗi. Yana ƙaramin yaro aka kama shi, aka kai shi Damagaram, daga hannu zuwa hannu har Kukawa. A can ya shiga aikin kula da raƙuman Overweg, wanda mutane ke kira Tabib. Tabib ya fanshe shi, shi da Abbega, ya 'yanta su. Ba a daɗe ba Tabib ya rasu a Maduwari, bakin tafkin Chadi, a watan Satumba 1852. Yaran biyu suka koma hannun Abdulkarim.

A nan sai mu faɗi gaskiya, kada mu wanke kowa da sabulun da bai saya ba. Barth ya ƙi jinin cinikin bayi, ya kuma rubuta muninsa. Amma a ƙarshen 1851 ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, ya ga yadda ake ƙone ƙauyuka ana kama mata da yara, ya dawo ya ci gaba da zama a inuwar masu wannan aiki, domin su ne masu masaukinsa. Babban amininsa a Kukawa, Waziri Alhaji Bashir, wanda ya rufa masa asiri lokacin da ba shi da ko wuri, yana cikin jagororin wannan yaƙi. Duniyar da ta haɗa Dorugu da Abdulkarim ita ce duniyar da ta raba Dorugu da iyayensa.

Inda sikeli ya juye

Sun bar Kukawa ran 25 ga Nuwamba 1852. Suka yi wata guda a Damagaram, suka bi ta Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu, suka haye Kwara a Sayi. Daga nan hanya ta yi zafi. Ƙasar da ke gaba tana ƙarƙashin ikon Hamdallahi ta Masina, inda ba a yarda Nasara ya shiga ba. Sai Abdulkarim ya ɓad da kama, ya zama wai Balarabe sharifi mai kai wa Shehun Tumbutu littattafai. Har mutane suna zuwa neman ya sa musu albarka.

To wa ya san gaskiya? Barorinsa. Algatruni ya sani, Abbega ya sani, Dorugu ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu ya sani. Kalma ɗaya a bakin rijiya ta isa a gama da Baturen, a raba kayansa, mai tona asirin ma ya sami rabonsa. Ba su faɗa ba. Suka shiga Tumbutu ran 7 ga Satumba 1853. Can asiri ya tonu, aka nemi a kashe shi ko a miƙa shi, sai Shehu Ahmadu Albakkayi na Kunta ya tsaya ya ce baƙonsa ne, ba mai taɓa shi. Wata takwas suna cikin wannan zulumi kafin su samu fita a watan Mayu 1854.

Makiyayi ya fi kowa gane wannan. A gari, mai shanu shi ne maigida, kai yaro ne. Amma in an yi nisa a daji, rani ya tsananta, rijiya ta ƙafe, dukiyar Alhaji duk tana hannun wanda ya san inda ruwa yake. Sahara ba ta karanta takardar digiri, ba ta ƙirga azurfa. A can, mai arziki shi ne wanda ya iya ɗaure kaya kada su goge wa raƙumi baya, wanda ya san tauraro, wanda zai tashi tsakar dare ya duba dabaibayi.

Da suka dawo Kano a watan Oktoba 1854, sai suka tarar labari ya bazu cewa Abdulkarim ya mutu. Kuɗin da yake sa rai babu. Dole ya ci bashi wajen fataken Gadamas bisa sharaɗin a biya su ninki biyu. Ka ji fa: wakilin gwamnatin da ta fi kowace kuɗi a duniyar wancan lokaci, yana neman rance a Kano kamar kowane ɗan koli da kasuwa ta juya wa baya. Barorinsa suna bin sa ladan watanni, ba su tafi ba.

Hanyar gida

A watan Mayu 1855, tsakiyar bazara, suka bar Kukawa suka kama hanyar Bilma. Wannan ita ce hanyar bayi. Kowace shekara sai an koro ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a ƙasa, daga Borno zuwa kasuwar Murzuk. A rijiyar Mashru, kudu da Tajarhi, matafiya tun zamanin Denham da Clapperton a 1822 sun ba da labarin ƙasusuwan mutane barbaje a kan rairayi, na waɗanda ƙarfinsu ya ƙare suna hangen ruwa. Dorugu ya bi ta wurin yana ɗa, ba bawa ba. Da Tabib bai fanshe shi ba, wataƙila da ta wannan hanya za a koro shi, wataƙila da ƙashinsa na cikin waɗancan.

Da suka shigo Fezzan, Algatruni ya sadu da iyalinsa, ya karɓi maigidansa a ƙauyensu da abin da Allah ya hore masa. A Murzuk aka yi lissafi, aka ba shi ladansa da kyautar da aka yi masa alkawari. Barth ya rubuta cewa da yana da hali da ya ƙara masa. Shi ke nan. Shekara biyar na wuya tare, aka yi musafaha, kowa ya kama gabansa, ba su sake haɗuwa ba.

Shi ya sa muka fara da Gudduwa. Daga nan gaba hanya tana kusantar teku, sikelin da Sahara ta juye yana komawa yadda yake. Suka wuce Sabha da Sokna, suna kaffa-kaffa saboda tawayen Guma Almahmudi da ya tashi wa Turkawa a wannan shekara, suka isa Tarabulus ƙarshen Agusta. Ran 6 ga Satumba 1855 suna Landan.

Da aka isa birni

A Turai Abdulkarim ya koma Dakta Barth, mai ganin sarakuna da ministoci. Ya kai yaran Hambug gidan ubansa, ya kai su Balin. Amma wanda kuka kwana a tabarma ɗaya a bakin rijiya, a nan shi ke zaune a teburi, kai kana tsaye mutane na kallonka kamar abin mamaki. Barth ya shirya mayar da su gida, kamar yadda ya yi alkawari. Sai wani malamin mishan mai suna James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa ba tare da ya zauna a ƙasar Hausa ba, ya ɗauke su ya kai gidansa. Barth ya ji zafin abin ƙwarai, gaba ta shiga tsakanin Turawan biyu. Ka lura da abin da ake jayayya a kai: harshen da ke bakin yaron. Yaron da aka taɓa sayarwa a kasuwa, ga shi manyan masana biyu suna faɗa a kan wa zai amfana da Hausarsa.

An yi wa samarin baftisma. Abbega ya koma Afirka a 1857, daga baya ya riƙe sarautar Lakwaja a zamanin kamfanin Turawa na Kwara. Jikansa shi ne Maimaina, Sarkin Askira, wanda shi ma ya bar labarin rayuwarsa da Hausa. Dorugu ya zauna da Schön har 1864. Yana faɗa, Schön na rubutawa: tatsuniyoyi, kalmomi, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas har Landan. Yadda Barth ya ƙare wa ƙasar Hausa kallo ya rubuta wa Turawa, haka Dorugu ya ƙare wa Turawa kallo, jirginsu na ƙasa da na ruwa, sanyinsu, da doguwar hidimar cin abincinsu, ya faɗa da Hausa.

Daga wannan aiki Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda labarin Dorugu ke ciki da sunansa. Schön ya sami lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Barth ya fitar da littafinsa mujalladi biyar a 1857 da 1858, ya ambaci Algatruni da yabo, ya sa hoton Dorugu da Abbega. Shi ma bai ji daɗin duniya sosai ba: ya ga kamar Ingila ba ta ba shi girman da ya cancanta ba, ya koma Jamus da ɓacin rai, ya rasu a Balin a 1865 yana ɗan shekara 44.

Algatruni fa? Amanarsa ta zama jarinsa. Duk Baturen da zai shiga Sahara sai ya tambayi mutumin Barth. Ya raka Gerhard Rohlfs zuwa Borno a 1866. A 1869 ya bi Gustav Nachtigal zuwa duwatsun Tibesti, bayan ya gargaɗe shi kan haɗarin tafiyar, suka dawo da ƙyar, rai a hannun Allah. A 1870 ya sake raka shi Kukawa da kyaututtukan Sarkin Furusiya zuwa ga Shehu Umar. Turawa uku sun yi suna a duniya, raƙuminsu kuwa hannu ɗaya ne ya ja akalarsa.

Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ma ya tsallake Sahara ta Murzuk da Bilma a 1906, ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909, tsoho Dorugu yana cikin masu koyarwa. Ya rasu a 1912. Da aka buɗe kayansa sai aka tarar da tarin tabarau da kuɗin da ya adana bai taɓa ba. Mutumin da aka taɓa yi wa farashi ya mutu bai damu ya kashe abin da ya tara ba.

To, abota ce?

Ga yadda muke gani, kai ma ka auna. In abota ita ce a zama daidai, to ba a yi ba. Ɗaya na biya, ɗaya na karɓa. Ɗaya ya rubuta littafi, ɗaya an ambace shi a ciki. Amma in abota ita ce ka riƙe ran mutum a hannunka ka ƙi sayarwa, ka yi alkawari a inda ba mai kama ka ka cika, to an yi ta, kuma mafi yawanta daga ƙasa ta hau sama. Ƙwarya ta bi akushi ba ta fashe ba, sai dai da aka zo rabon tuwo, akushi aka cika.

Fulanin daji suna da al'adar da ta fi wannan adalci, wato haɓɓanaye. Mai shanu ya ba wanda ba shi da su karsana aro, ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ba sadaka ba ce, ba lada ba ne. Hanya ce ta mai da yaro ya zama mai garke, har gobe ya iya zama da kai kafaɗa da kafaɗa. Fatake ma sun san irinta: maigida na ƙwarai shi ne wanda bayan shekaru yake yaye yaronsa da jari, ba wanda zai sallame shi da na gode ba.

Saboda haka, kai mai dukiya da ka ba wani kiwo, ko ka ɗora yaro bisa kaya zuwa Sabha: ku yanka lada a fili tun kafin a tashi, gaban shaidu, a faɗi na wata, a faɗi na dawowa, a faɗi abin da za a yi in dabba ta mutu ko kaya suka salwanta. Ko Abdulkarim, da duk bashin da ke kansa, bai tashi ba sai da ya yanka wa Algatruni nasa, kuma ya cika. In an dawo lafiya, kada mutumin da ya san asirinka a daji ya zama baƙo a zaurenka.

Kai kuma yaron gida, makiyayi, ɗan rakiya, karen mota: amana dukiya ce mai haihuwa, Algatruni ya ci amfaninta shekara ashirin. Amma ka san darajar abin da ka iya. Sanin hanya, sanin dabba, jin harshe biyu ko uku, duk jari ne, kada ka bayar da shi kamar ruwan tulu. Kuma ka ba da labarinka da bakinka, ka sa 'ya'yanka su rubuta. Algatruni mun san shi ne ta bakin waɗanda ya yi wa aiki kawai. Dorugu kuwa ya faɗi nasa, shi ya sa har yau muna jin muryarsa.

Gobe in motarku ta tsaya a Gudduwa, ka sauko ka miƙe ƙafa, ka dubi dabinon nan, ka tuna wani yaron Damagaram ya taɓa shan ruwa a wurin yana kan hanyar Landan. Sannan ka dubi wanda ke zaune kusa da kai a bayan mota, wanda ba ka san ubansa ba, ba ka san abin da ke aljihunsa ba. In mota ta lalace tsakanin Madama da Dirku, shi ne danginka.

Wanda ke da labarin maigida da yaronsa, na daɗi ko na ɗaci, ya aiko mana ta hannun wakilanmu na kasuwanni da tashoshi, ba sai ya ambaci sunan kowa ba, za mu karanta a fili na gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba dabbobi lafiya, ya haɗa mu da abokan tafiya na gari. Sai mun sake saduwa.